Hukuncin Ɓoye Kayan Adon Abokan Wasa A Wasannin Intanet: Shin Tauye Haƙƙin Wanda Ya Saya Ne?

TAMBAYA

Ni matashi ne daga Malumfashi. Da damina ina noma, da rani kuma ina zama a shagon cajin waya na yayana. Bayan sallar Isha'i mukan buga Free Fire da PUBG ni da abokaina. Abin da ke damuna shi ne kayan da wasu ke saya wa 'yan wasansu. Wasu kayan na mata ne da ba su rufe komai ba, wasu kuma da ƙahoni da siffofi masu kama da na gumaka, ga shi ƙanena ɗan shekara goma yakan tsaya a bayana yana kallo. Sai na ce da ma kamfanin zai sa wani maɓalli da in na danna, kowa zai fito mini da kayan gama-gari. Abokina ya ce wannan zalunci ne, domin shi waken suyarsa ya sayar ya sayi kayan don a gani, in an ɓoye an ci haƙƙinsa. Musu ya yi zafi har yau kwana biyu ba mu gaisa ba. Malam, wa ke da gaskiya a cikinmu?

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa mai tambaya, Allah Ya yi maka albarka da ka damu da idonka da idon ƙanenka. Amsa a taƙaice ita ce: neman irin wannan maɓalli halal ne, kuma abu ne mai kyau. Amfani da shi inda yake akwai ba zalunci ba ne ga wanda ya sayi kaya, yakan ma zama wajibi idan abin da za a ɓoye tsiraici ne. Abokinka ya sayi damar sanya kayan, amma idonka bai shiga cikin cinikin ba. Duk da haka akwai gefen da yake da gaskiya, kuma za mu faɗe shi, domin adalci ba ya barin mu ɗauki ɓangare ɗaya mu rufe ido ga ɗayan.

Mu fara fahimtar abin da ake magana a kai

Malaman usulu sun koyar da mu cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san siffarsa. Saboda haka na zaunar da wasu matasa daga cikin masu ɗaukar karatu a masallacinmu, suka buɗe mini wayoyinsu na gani da idona.

Free Fire na kamfanin Garena ne na ƙasar Singafo, ya fito a 2017. PUBG Mobile ya bazu a duniya a 2018, Call of Duty Mobile kuma a 2019. Duk ukun kyauta ake sauke su. To daga ina kamfani ke samun kuɗi? Mafi yawa daga sayar da ado ne: riga, wando, hula, fentin bindiga, rawar murna da makamantansu, abin da yaran ke kira sikin. Mutum yakan sayi kuɗin cikin wasa da naira, a Free Fire ana ce musu dayamon, a PUBG kuma UC, sannan ya sayi adon da su ya sanya wa mutum-mutumin da ke wakiltarsa a fili. A bisa ƙa'ida tufafin ado ba sa ƙara wa ɗan wasa lafiya ko gudu, gani kawai ake yi.

Ga abin da ya fi muhimmanci ga hukuncinmu. Idan abokinka ya shigo fili da rigarsa, ba hoton rigar ake aiko maka daga wayarsa ba. Babbar kwamfutar kamfani ce ke sanar da wayarka cewa wane yana sanye da kaya mai lamba kaza, sai wayarka ta ɗauko zanen daga cikin ma'ajiyarta ta zana maka. Wato da wayarka, da cajinka, da datarka ake nuna maka adon wani. Maɓallin da kake fata ba abin da zai yi illa ya ce wa wayarka ta zana kayan gama-gari a madadin wancan. Abokinka zai ci gaba da ganin rigarsa a tasa wayar, haka ma duk wanda bai danna maɓallin ba.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa kamfanoni ba su cika son wannan maɓalli ba. Duk wanda ya sanya ado talla yake yi musu, duk wanda ya gani kuma mai saye ne na gobe.

Ido amana ne

Allah Maɗaukakin Sarki Ya umarci muminai maza da runtse ganinsu a aya ta 30 ta Suratun Nur, Ya umarci muminai mata da haka a aya ta 31. Don haka ke ma 'yar'uwa mai karatu wannan magana ta shafe ki, ko kina wasan ko yaranki na yi da wayarki. A aya ta 36 ta Suratul Isra'i kuma an sanar da mu cewa ji da gani da zuciya duk za a tambayi bawa a kansu.

Muslim ya ruwaito cewa Jariru ɗan Abdullahi (RA) ya tambayi Annabi (SAW) game da kallon ba-zata, sai ya umarce shi da ya kawar da ganinsa. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito cewa ya gargaɗi Aliyu (RA) kada ya bi kallo da wani kallon, domin na farko ne aka yafe masa. Ka lura da yadda wasan yake. Wanda ke neman abokin gaba a fili ba ya iya kawar da kai, dole ya ƙura masa ido, ya bi shi, ya auna shi. Ashe a nan ba maganar kallon ba-zata ake ba, kallo ne da ake maimaitawa dare bayan dare.

Akwai hadisai biyu da suka fi kusa da mas'alarka. Na farko, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri (RA) cewa Annabi (SAW) ya hana sahabbai zama a bakin hanya. Da suka ce ba su da makawa sai sun zauna domin nan ne majalisarsu, bai tilasta musu tashi ba, sai ya ɗora musu haƙƙin hanya, kuma abu na farko da ya ambata shi ne runtse ido. Filin wasan intanet majalisa ce a bakin hanyar da duk duniya ke bi, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, mai kunya da marar kunya. Wanda ya zaɓi zama a can, haƙƙin hanya ya hau kansa.

Na biyu, a Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Fadlu ɗan Abbas (RA) yana goye a bayan Annabi (SAW) a kan abin hawa, sai wata mata daga ƙabilar Khas'am ta zo tana tambaya a kan yi wa mahaifinta tsoho aikin Hajji. Fadlu ya riƙa kallonta, sai Annabi (SAW) ya juyar da fuskarsa zuwa ɗaya gefen. Dubi inda aka yi gyaran: a gefen mai kallo. Maɓallin da kake nema irin wannan aiki yake yi, juyar da fuskar mai kallo ne ba tare da an taɓa kowa ba.

Idan wani ya ce: ai zane ne, ba mutum ba ne

Wannan shubuha ce da matasa ke yawan kawowa, kuma tana buƙatar a rarrabe abu biyu. Akwai hukuncin hoto a matsayinsa na hoto, akwai kuma hukuncin kallon tsiraici.

A na farko, malamanmu na mazhabar Malikiyya sun haramta surar abu mai rai idan tana da jiki da inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, kamar gunki. Wadda ba ta da inuwa, irin zanen da ke jikin bango ko tufa, sun sauko da ita zuwa karhanci ko saɓanin abin da ya fi. Wasu mazhabobin sun fi tsanantawa. Don haka ba a kan wannan muka gina amsarmu ba.

A na biyu kuwa, malaman fiƙihu na da sun tattauna hukuncin ganin mace ta cikin madubi ko ta cikin ruwa, kuma waɗanda suka sassauta ma sun sa sharaɗin kada a sami sha'awa ko tsoron fitina. Dalilin hanin shi ne abin da kallo ke haifarwa a zuciya. Masu zana waɗannan kaya ƙwararru ne, ana biyan su ne don su zana abin da zai ja ido har a fitar da kuɗi. A watan Agusta na 2023 masu Call of Duty sun sayar da siffar mawaƙiyar Amurka Nicki Minaj a matsayin ado, ka ga nan ma zanen ya koma hoton mace sananniya mai rai.

Bukhari ya ruwaito daga Anas (RA) cewa Nana A'isha (RA) tana da wani labule mai zane da ta rufe gefen ɗakinta da shi, sai Annabi (SAW) ya ce ta kawar da shi domin zanen yana gitta masa a cikin salla. Idan mafi tsarkin zuciya ya nemi a kawar da zanen labule, ina ga saurayin da ya kwana yana kallon allon waya sannan ya tsaya sallar Asuba?

Me abokinka ya saya?

Yanzu mu zo kan hujjar abokinka, wadda ita ce zuciyar tambayar. Ya ce ya biya kuɗi don a gani. Ciniki a Shari'a yana da mai saye, da mai sayarwa, da abin da aka sayar, da yardar ɓangarorin biyu, kamar yadda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta nuna. Mai saye shi ne abokinka, mai sayarwa kamfani. Kai ba ka cikin ƙullin, ba a nemi yardarka ba, ba a ba ka ko sisi ba. Ta yaya cinikin mutum biyu zai ɗora wa na uku wajibi?

Sannan Annabi (SAW) ya hana Hakimu ɗan Hizam (RA) sayar da abin da ba ya wurinsa, kamar yadda ma'abota Sunan suka ruwaito. Ko a kasuwar Dandume ba wanda zai karɓi kuɗin buhun masarar maƙwabcinsa ya ce ciniki ya faɗa. Kamfani ya mallaki zanensa, yana da ikon sayar da damar amfani da shi. Idonka da wayarka kuwa ba nasa ba ne, balle ya haɗa su cikin kayan sayarwa.

Ɗauki misali daga gida. Mutum ya sayar da audugarsa, ya shiga kasuwar Funtua ya yanki shadda mai tsada, ya kai aka yi mata aiki, ranar Salla ya fito fes. Yana da haƙƙin ya sa rigarsa, ba mai ikon tuɓe masa. Amma idan ya biyo ta ƙofar gidanka kana zaure ka saki asabari, me ka rage masa? Rigarsa na jikinsa, kuɗinsa ba su dawo aljihunka ba. Ba alƙalin da zai saurari ƙarar cewa wane ya ƙi kallon rigata.

Ko da a ce muna maganar abin da mutum ya mallaka ne kacokan, mallaka ba ta ba shi ikon cutar da wani. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, a cikin Risala da muka karanta a zaure tun muna yara, ya kawo ƙa'idar hana cuta da cutarwa, ya ba da misali da mutumin da zai huda taga kusa da maƙwabcinsa har ya riƙa hango cikin gidansa, ko ya yi haƙa a filinsa da zai cutar da na kusa da shi. Bangon nasa ne, filin nasa ne, amma an hana shi. To idan ana hana mai bango saboda maƙwabci, ai maƙwabcin da ya rataya labule a nasa ɗakin ya fi cancantar a ƙyale shi.

Inda abokinka yake da gaskiya

Na farko, son ado ba laifi ba ne a kan kansa. Muslim ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud (RA) cewa wani ya ambata wa Annabi (SAW) cewa mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau, sai ya bayyana masa cewa wannan ba girman kai ba ne, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Idan adon da abokinka ya saya mai mutunci ne, kada ka mayar da shi fasiƙi saboda shi.

Na biyu, kuɗinsa na gaske ne, gumin gona ne. Idan kamfani ya tallata masa kaya a kan cewa kowa zai gani, sannan daga baya ya sauya tsari, yana da ikon ya yi ƙorafi. Sai dai ƙorafin nasa yana kan wanda ya karɓi kuɗin. Abin da ya dace da kamfani shi ne ya bayyana tun kafin ciniki cewa wasu za su iya ɓoye adon a wayoyinsu, domin ɓoye wa mai saye abin da zai rage masa sha'awar kaya algus ne.

Na uku, dole maɓallin ya tsaya a wayar mai dannawa. Da za a ce dannawarka za ta goge kayan daga akawun ɗinsa, ko ta hana shi ganin abinsa, da mun ce wannan ta'adi ne a kan dukiyar wani.

Na huɗu, kada ya zama hanyar maguɗi. Kayan gama-garin da za a nuna maka su kasance daidai da na kowa wajen girma da fitowa, kada a mayar da abokin karawarka fitila a cikin duhu. A nan ma sau da yawa adon ne ke kawo rashin adalcin. A wasan Warzone an yi wani baƙin ado mai suna Roze da ke sa mai shi ya ɓace a lungu mai duhu, 'yan wasa suka yi ta kuka har kamfanin ya gyara shi a 2021.

An taɓa yin haka, kuma magana tana tasiri

Kada wani ya ce maka abin ba zai yiwu ba. A wasannin tankokin yaƙi irin su World of Tanks da War Thunder akwai wurin da ɗan wasa zai zaɓi kada a nuna masa fenti da adon da bai dace da tarihi ba. A watan Afrilu na 2024 kamfanin Epic Games ya sa wa wasan Fortnite wani zaɓi da ke ɓoye raye-raye guda huɗu da ake yi don tsokanar wanda aka kayar. Wanda ya kunna zaɓin sai ya ga mai rawar a tsaye shiru, alhali shi mai rawar yana ganin abinsa. Waɗannan raye-raye ma mallakar 'yan wasa ne, amma aka fifita kare mai kallo. Idan an yi haka saboda tarihi da saboda ɓacin rai, yin sa saboda kunya da addini ya fi cancanta.

Kuma koken Musulmi ya sha yin aiki. A watan Yuni na 2020 PUBG Mobile ya fito da wani salo da ɗan wasa ke zuwa gaban gunki ya yi alamar bauta don ya sami ƙarin lafiya. Musulmi, musamman a Kuwaiti da Saudiyya, suka yi ca, kamfanin ya ba da haƙuri ya cire abin. A watan Nuwamba na 2021 aka ga shafukan Alƙur'ani warwatse a ƙasa a cikin wasan Call of Duty: Vanguard, nan ma aka nemi afuwa aka cire. Ɗan kasuwa yana jin maganar masu sayen kayansa idan sun yi yawa. Saboda haka rubuta musu koke cikin ladabi ta wurin da suka tanada yana cikin gusar da abin ƙi da harshe, wanda shi ne mataki na biyu a hadisin Abu Sa'id da Muslim ya ruwaito.

Hukuncin dalla-dalla

Idan adon tsiraici ne ko mai tayar da sha'awa, kuma akwai hanyar ɓoye shi, ɓoyewar wajibi ce a kanka, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Idan alamar bautar wanin Allah ce ko izgili ga addini, haramun ne ka saya ko ka sanya wa ɗan wasanka. Ɓoye na wasu kuma abin so ne ƙwarai, ya fi ƙarfi idan yara na kallo.

Idan ado ne mai mutunci amma yana sa ka ƙyashi ko yana jan ka ga kashe kuɗin da ba ka da su, an so ka ɓoye. Aya ta 131 ta Suratu Ɗaha ta hana miƙa ido ga ƙawar duniya da aka jiyar da wasu daɗi da ita.

Idan kuwa ba ka son launinsa ne kawai, ko yana nauyaya maka waya, to halal ne, ka ɓoye ko ka bari.

Kafin maɓallin ya samu

Ka shiga saitin wasan ka duba da kyau. A wasu wasannin waya, irin su Call of Duty Mobile, kayan ado ba su zuwa duka tare da manhajar, sai mutum ya sauke su daban, kuma wanda bai sauke ba yakan ga abokan wasa cikin kayan gama-gari. Inda ka sami haka, kada ka sauke, ka huta da kallon, ka kuma rage cin data. Ka guji daɗewa a dandalin jira da shagon wasan, domin a nan aka fi baje kolin. Ka fi yawan wasa a ɗakin da kuka buɗe ku kaɗai da abokan da kuka yi alkawarin sanya kaya masu mutunci.

Amma kada ka sauke manhajar da aka yi wa kutse da sunan za ta ɓoye maka ado. Ka amince da sharuɗɗan kamfani lokacin da ka buɗe akawun, kuma aya ta farko ta Suratul Ma'ida ta yi umarni da cika alkawura. Ga shi irin waɗannan manhajoji sukan zo da kayan maguɗi, sukan jawo a rufe akawun, wasu ma su kwashi bayanan bankin da ke cikin waya.

Idan ka yi duk wannan amma tsiraicin bai daina zuwa idonka ba, to ka bar wannan wasan ka nemi wani. Wasa mubahi ne a mafi kyawun halinsa, kuma ba a sayen mubahi da haram. Ka sani ma akwai malaman da suka haramta wasan baki ɗaya, kamar majalisar malaman lardin Aceh na Indunusiya da ta ba da fatawa a kan PUBG a watan Yuni na 2019. Waɗanda suka halatta kuma sun sa sharaɗin kada ya ci lokacin salla, kada caca ta shiga, kada ya hana mutum haƙƙin iyaye da neman halal.

Nasiha ga mai sayen ado

Kai kuma ɗan'uwa da ka sayar da waken suya, ina da tambaya gare ka: ta wace hanya ka sami kayan? Idan an sa farashi ka biya ka karɓa, wannan ciniki ne sananne. Idan kuwa ta hanyar juya ƙafar sa'a ne ko buɗe akwatin da ba ka san abin da ke ciki ba, ka zuba dayamon ko ka dace ko ka tashi da tarkace, to wannan garari ne da Annabi (SAW) ya hana a hadisin Abu Huraira (RA) da Muslim ya ruwaito, kuma ya yi kama da cacar da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haramta. Ko a Turai, hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna da ake saya da kuɗi caca ne.

Sannan ka auna maganarka da ka ce don a gani ka saya. Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito daga Ibnu Umar (RA) gargaɗi mai tsanani ga wanda ya sanya tufar neman suna. Idan daɗin rigar ba ya samuwa sai wanda ba shi da ita ya gani ya ji ƙanƙanci, to a binciki zuciya.

Mu mutanen wannan yanki mun ga aya a kan haƙiƙanin wannan dukiya. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtua da Malumfashi da Bakori, aka yi watanni ba sabis. Wanda ya sayi akuya, akuyarsa na turke. Wanda ya sayi taki, ya ga amfaninsa a kaka. Wanda ya tara ado a wasa kuwa, ko shi kansa bai iya ganin abinsa ba, domin a kwamfutar wasu yake a wata ƙasa. Ranar da suka rufe wasan ko suka rufe akawun ɗinka, shi ke nan. A Indiya gwamnati ta hana PUBG Mobile a 2020, ta hana Free Fire a 2022, ba ta nemi shawarar masu ado ba.

Ga iyaye maza da mata

Ƙanen mai tambaya da ke tsaye a baya shi ne ya fi ba ni tsoro a cikin wannan labari. Babba yana iya rarrabewa, yaro kuwa abin da ya saba gani shi yake ɗauka daidai. Ke uwa da kike miƙa wa yaro waya don ya bar ki ki yi aiki, ki karɓa wata rana ki ce ya nuna miki ɗan wasansa da na abokansa. Kai uba, ka tambayi inda kuɗin da ake kai wa mai POS suke tafiya. Ba sai an fasa waya ko an yi duka ba. A zauna da yaro, a gyara saitin tare, a sa masa lokaci, a gaya masa dalili. Kowannenku makiyayi ne, kuma za a tambaye shi kiwon da aka ba shi.

Daga ƙarshe, ya kai mai tambaya, ka ce kwana biyu ba ku gaisa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Ayyubal Ansari (RA) cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa sama da kwana uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Saura maka kwana ɗaya. Ka je ka same shi tun kafin ya karanta wannan amsa, ka yi masa sallama, kada ka je da niyyar nuna masa ka yi nasara. Ka ce masa rigarsa tasa ce, ba ka neman raba shi da ita, kai dai kana tsare idonka da na ƙanenka ne. Idan a cikin kayansa akwai wanda bai dace ba, ka yi masa nasiha ku biyu, ba a gaban majalisa ba.

Allah Ya tsare mana idanunmu da zukatanmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a gonakinmu, Ya zaunar da yankinmu lafiya.

Wallahu A'alam.